Ƙofa Ba Bango

Wani ne muke aiki tare da shi a Nairobi, a wani kamfani mai ƙera manhajar waya. Ba zan faɗi sunansa ba, don har gobe a kanti ɗaya muke cin abincin rana, kuma ƙauyensu da namu rafi ne kawai ya raba. Ku dai ce masa mutumin. Ba ya sha, ba ya faɗa, ba ya cin hakkin kowa. Cutarsa ɗaya ce: duk abin da ya koya yau, gobe ya zama addininsa. Da ya koyi gudun safe, sai da ya sa duk ofis muka ji kunyar tumbinmu. Da ya koyi shan ruwan zafi da lemon tsami, ko mai gadi bai tsira ba.

To sai kamfani ya tura shi kwas a wani otal, ya koyo tsarin aikin nan da ake kira Sikiram. Mu mun daɗe muna yin abinmu, ba mu ɗauke shi wani abin tashin hankali ba. Ku da ba ku san shi ba, ba wuya gare shi. Ba a zama a tsara aikin shekara guda tun daga farko. Yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, a rubuta kowace gunduwa a 'yar takarda mai launi, a manna a bango. Akwai mai kaya, wato wanda ake yi wa aikin, shi ke cewa a fara da wannan, wancan ya jira. Ma'aikata su ɗebi abin da za su iya gamawa a mako biyu, wannan shi ne zango ɗaya, kuma in zango ya fara ba mai cusa sabon abu sai ya ƙare. Kullum da safe a taru a tsaye, ba zama, kowa ya amsa tambaya uku: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare maka hanya. Ƙarshen zango a kira mai kaya a nuna masa wani abu mai aiki, ko da ɗan mitsitsi ne. Sannan a zauna a waiwaya, a ga inda aka yi daidai da inda aka yi shirme. Akwai kuma mutum guda, ba shugaba ba ne, aikinsa kawai ya kawar da duk abin da ya tare wa sauran hanya. Iyakar abin ke nan. A manhaja lafiya lau yake tafiya, don in maɓalli ɗaya ya rage yau, ba wanda ruwa zai daka, jibi sai a ƙara.

Mutumin ya dawo da takardar shaida a cikin gilashi, aka naɗa shi mai share hanya. Tun daga ranar muka shiga uku. Ka ce masa ina kwana, ya ce maka, "Me ka yi jiya?" Matar da ke kawo mana shayi ta makara wata safiya, ya tsare ta a bakin ƙofa da tire a hannunta.

"Me ya tare miki hanya?"

Ta ce, "Kai."

Ana nan sai yayarsa Akoth ta bugo waya daga Kisumu, inda take aikin jinya. Shi kuma duk waya a lasifika yake sa ta, wai ɓoye-ɓoye yana kashe aiki, don haka duk muka ji.

"Kai, ɗakin Mama yoyo yake kamar kwando. Ranar Kirsimeti wa ya miƙe a gaban dangi, yana dukan ƙirji, ya ce shi zai gina mata sabo kafin ruwan Maris? Ni ce?"

"Ni ne, Yaya."

"To Janairu ya wuce. Ka san tana da ciwon ƙirji. In ruwa ya same ta a haka, wallahi ba a ƙauye za mu haɗu ba, har ofis ɗin naku zan zo."

Ya yi murmushi irin na wanda ya san abin da duniya ba ta sani ba. Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Da can ban san yadda ake aiki ba. Yanzu na sani."

Ya ɗauki hutunsa na shekara, ya haɗa da wanda bai ci ba na bara, ya cika jaka da 'yan takardu masu launi, ya hau motar Siaya, garin da ke kusa da ƙauyukanmu. Wani abin na gani da idona, wani kuma magini ne ya ba ni labari, shi kuwa ba ya rage gishiri.

Maginin shi ne Fundi Ogutu, dattijo mai furfura a gemu, wanda duk yankinmu an san hannunsa da kyau in ya ga dama, sai dai bai cika ganin dama ba. Ya zo da leburorinsa biyu da igiyar awo.

"Ranka ya daɗe, ina zanen gidan? Ɗaki nawa za a yi?"

"Babu zane."

"Babu?"

"Zane tsohon yayi ne. Ka zana gida yau, gobe mai gida ya canza ra'ayi, ka yi asarar tawada. Kuma kada ka ƙara ce mini ranka ya daɗe. A aikin nan babu shugaba. Ku za ku tsara kanku. Ku za ku faɗi abin da za ku iya yi a mako biyu, ba mai matsa muku."

Fundi ya dubi leburori, leburori suka dube shi.

"Mu za mu faɗa?"

"Ku."

"Kuma kuɗin yini yana nan yadda yake?"

"Yana nan."

Fundi ya cire hula ya rungume ta a ƙirji. "Ɗana, tun ina goye nake jiran wannan tsarin."

Sai aka je wajen tsohuwa. Min Akoth ake ce mata, uwar Akoth ke nan, ba mai kiran sunanta na yanka. Tana zaune a gindin mangwaro tana tsince ƙananan kifi a faifai. Mutumin ya tsuguna a gabanta da alƙalami.

"Mama, ke ce mai kaya. Duk abin da kika ce a fara da shi, da shi za a fara. Me kike so?"

"Gida."

"Ya yi girma. Yanka shi."

"In yanka gida? Kaza ce?"

"Ina nufin, a cikin gida, wane abu ne ya fi damunki yau yau ɗin nan?"

Ba ta buɗe baki ba sai ga akuyar maƙwabcinsu Owiti ta fito daga ɗakinta. Baƙar akuya ce mai ƙaho ɗaya, amma ranar fuskarta fari fat da garin masara. Tsohuwa ta wurga mata takalmi, ta kuskure.

"Ƙofa! Ƙofa mai makulli! Shegiyar nan ta gama mini gari!"

Mutumin ya rubuta da sauri: "A matsayina na uwa, ina son ƙofa mai makulli, domin akuyar Owiti ta bar mini garina." Ya je zai manna a jikin mangwaro, takarda ta ƙi kamawa, ya kafe ta da ƙaya.

Washegari aka fara taron tsaye. Fundi ya kama abin fiye da duk wanda na sani a Nairobi. "Jiya mun duba wuri. Yau za mu ƙara dubawa." Kashegari, "Jiya mun ƙara dubawa. Yau za mu tattauna abin da muka gani." Mutumin yana ta gyaɗa kai, wai ma'aikata sun fara tsara kansu. Sai wata safiya Fundi ya rasa abin faɗa, ya waiga, idonsa ya faɗa kan ɗakin tsohuwa.

"Abin da ya tare mana hanya kuwa, tsohon ɗakin nan ne. Daidai inda ƙofa ta dace, nan yake tsaye."

Ku ga idon mutumin! Tun da aka naɗa shi mai share hanya, abin da ya taɓa sharewa a ofis bai wuce takardar da ta maƙale a injin buga takardu ba. Yau ga hanya ta gaske, ga abin tarewa na gaske. Ranar kuwa kasuwa ke ci, tsohuwa ta tafi sayar da ayaba. Suka fito da gadonta da tukwanenta da akwatinta suka jera a gindin mangwaro. Kafin rana ta karkata, ɗaki ya zama tudun ƙasa.

Ta dawo da kwando a ka. Ta tsaya. Ta juya baya ta dubi hanya, ko ta yi ɓatan kai ne ta shiga gidan wasu. Ta sauke kwandon a hankali.

"Ina ɗakina?"

"Mun share shi, Mama."

"Ɗakin da na haife ka a ciki?"

"Ya tare hanya."

"Kai ma ranar da na haife ka ka tare mini hanyar kasuwa. Share ka na yi?"

"Mama, kada ki damu. Ki koma ɗakina kafin a gama."

Yana nufin ɗakinsa na samartaka da ke bakin shiga gida, mai rufin kwano, wanda ya gina da albashinsa na farko. Tsohuwa ta dafe ƙirji. A wajenmu uwa ba ta kwana a ɗakin ɗanta, ko da sama za ta faɗo. Kowa ya san wannan, har shi, amma ba a koyar da shi a otal ɗin ba, don haka ya fita daga kansa.

"Ka rushe mini ɗaki, yanzu kuma za ka rushe mini mutunci? Kai mini gadona madafi."

Haka ta koma madafi, 'yar bukka mai tsohuwar jinka, ita da kaji da hayaƙi.

Ranar nuni ta zo. Na je gida a ƙarshen makon, kuma ya aiko mini da gayyata har sau uku, sai na tsallaka rafi. Ya tara jama'a ba kaɗan ba: maƙwabta, matan coci, limamin cocin da matarsa, har da Owiti mai akuya. A tsakiyar fili, inda ɗaki yake a da, ga ƙofa. Ƙofar ƙarfe, shuɗiya, tsaye tsakanin ginshiƙai biyu na siminti, an ɗaura mata jan ƙyalle. Damanta fili. Hagunta fili. Bayanta fili, har ka hango gonar rogo.

Mutumin ya yi jawabi. Ya ce a tsohon tsari sai ka shekara ba ka ga komai ba, amma yau, zango ɗaya tak, ga abu mai aiki a hannun mai kaya. Ya miƙa wa uwarsa makulli da hannu biyu.

"Buɗe, Mama."

Ta buɗe.

"Shiga."

Ta shiga, wato ta tashi daga wannan gefen fili ta koma wancan.

"Kulle."

Ta kulle. Fundi da leburori suka kaure da tafi.

Sai ga akuyar Owiti. Ta zo gaban ƙofa ta tsaya, kamar ita ma an gayyace ta. Ta shinshina jan ƙyallen, ta ɗan ci. Sannan ta bi ta gefen ginshiƙi, ta wuce tsohuwa, ta shige madafi. Muka ji murfin tukunya ya faɗi.

Matar liman ta toshe baki da mayafi. Ni kam na sunkuya kamar ina ɗaure takalmi.

Tsohuwa ta ce, "Ga ta can ta zagaya."

Mutumin bai ko girgiza ba. Ya ɗaga murya don na baya su ji. "Jama'a, ku fahimta! Ƙofar nan ba ta da laifi. Tana buɗuwa, tana rufuwa, tana kulluwa. Duk mai hankali, ɗan mutunci, wanda aka haifa a gida, ta ƙofa yake shiga. Akuya ce kawai ke zagayawa!"

Kun san mutanenmu da tsokana. Maganar nan ba ta kwana ba sai da ta zaga ƙauye. Daga ranar ba wanda ya ƙara shiga gidan Min Akoth ta gefe. Mai tallan gawayi zai zo ya tsaya a tsakiyar fili ya ƙwanƙwasa ƙofa, tsohuwa tana kallonsa yana kallonta, sai ta taso ta buɗe. Yara in ƙwallonsu ta faɗa ciki, ƙwanƙwasawa suke. Liman da kansa ya taɓa tsayawa a rana yana jira don ta manta inda ta ajiye makulli. Wa zai yarda a ce masa akuya?

Zango na biyu, tsohuwa ta yi kuskure ta yi tari a gabansa, ta ce hayaƙin madafi zai kashe ta, ko iska ba ta samu. Kafin ta rufe baki ya rubuta taga. Bayan mako biyu aka sake tara jama'a. An gina ɗan guntun bango can gefe, tsayin mutum, da taga a tsakiyarsa, har da labule. Ta leƙa ta taga, ta ga gonar rogo. Ta leƙa ta gefen taga, ta ga gonar rogon nan dai.

Fundi ya ce, "Kin ji iska, Min Akoth?"

Ta ce, "Na ji. Da can ma ina ji."

Zuwa zango na uku tsohuwa ta gane wasan. Ba ta yi tari ba, ba ta ambaci akuya ba. Ya tsuguna da alƙalami, ta ce masa kalma ɗaya.

"Rufi."

"Madalla, Mama! Kin fara zama mai kaya ta gaske. Bari ma'aikata su auna nauyinsa."

Ya raba musu wasu katuna masu lambobi da ya zo da su. Haka ake yi, kowa ya ɗaga katin da yake ganin ya yi daidai da wahalar aikin. Fundi ya duba nasa kamar mai caca, ya ɗaga mafi girma. Leburori suka leƙa nasa, suka ɗaga irinsa.

"Ya fi ƙarfin zango ɗaya," in ji Fundi, yana girgiza kai cikin jimami. "Rufi sai da katako, katako sai da bango, bango sai da tushe. Ba mu so mu yi alkawarin da ba za mu cika ba."

"To me zai shiga zangon?"

Fundi ya yi dogon tunani. "Dakali."

Tsohuwa ta ce, "Dakalin me?"

"Na baƙi. Kin ga yanzu masu ƙwanƙwasa ƙofa sun yi yawa, ba su da wurin zama."

Ta juya wajen ɗanta. "Ba ka ce ni ce mai kaya ba?"

"Ke ce, Mama. Ke ke faɗin abin da kike so. Amma su ke faɗin abin da za su iya. Ba a matsa wa ma'aikata."

"Ku yi abin da kuka ga dama."

Ya rubuta: mai kaya ta amince.

Ana tsakiyar dakali iska ta juya. Hadari ya fara haɗowa daga wajen babban tafkin yankinmu, baƙi ƙirin, kaji suka daina yawo. Tsohuwa ta same shi a gindin mangwaro yana gyara takardunsa. Wannan karon ba faɗa ta yi ba, lallashi ta yi, kuma Fundi ya ce shi kansa sai da ya ji wani abu a ransa.

"Ɗana, ka ga sama? Na fi ka sanin garin nan. Ka je yau ka sayo kwano, ko guda nawa ne, a kafa mini a kan sanduna. Ba na son ado. Inda zan sa kaina nake so."

"Mama, na ji, kuma magana ce mai muhimmanci. Amma zango ya riga ya fara, an kulle shi. Ba a cusa sabon abu a tsakiya. Sai Juma'ar sama."

"Ka gaya wa hadarin?"

Bai gaya masa ba. Da la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Jinkar madafi ta yi iya ƙoƙarinta, sannan ta sallama. Gari ya zama kunu. Katifa ta sha ruwa har ta ƙoshi. Rigar cocinta fara da take ajiya a ƙasan akwati ta koma kalar ƙasa. Tsohuwa ta zauna a kan turmi, ta kifa bahon wanki a ka, kaji sun lafe a ƙafafunta, tana tari. Shi kuma yana ɗakinsa mai kwano, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ba wai bai damu ba ne, ya damu ƙwarai. Ya buɗe taga ya ƙwala mata kira ta cikin ruwan.

"Mama! Duk abin da kike ji ki riƙe shi da kyau! Za mu tattauna shi a taron waiwaye!"

Ni da na ji wannan dariya ta ɗauke mini, raina ya ɓaci sosai. Akoth ta bugo mini tana huci, ba ta samu wanda zai karɓe ta a asibiti ba, ta ce in taimaka in kai wa tsohuwa maganin tari, in kuma na ga ƙanenta in mare shi a madadinta. Na hau motar dare, da safe ina gidan.

Na tarar ana taron tsaye. Abin mamaki, tsohuwa tana cikin da'irar, da bargo a kafaɗa, karo na farko tun da aka fara. Amma mutumin hankalinsa ba ya wajenta. Yana gaban mangwaro, hannu biyu a ka. Ruwa ya wanke takardunsa tas. Wasu sun bi rafi, waɗanda suka rage tawada ta narke, ba a gane komai.

"Shi ke nan! Aikinmu gaba ɗaya ya tafi!"

Tsohuwa ta ce, "Ayya. Sannu. Babbar asara."

"Ba za a iya komai ba sai da su. Bari in je Siaya in sayo sababbi, da alƙalamin da ruwa ba ya ci. Kada kowa ya taɓa komai."

Ya tare ɗan acaɓa ya tafi. Tsohuwa ta bi shi da ido har ya ɓace a kwana. Sannan ta yar da bargo.

"Ogutu."

"Na'am, Min Akoth."

"Wace ce mai kaya?"

"Ke ce."

"Takardun da suka kulle zango, suna ina?"

"Ruwa ya tafi da su."

"To babu zango. Ka ga kwanon can na ɗakin ɗana? Ina so kafin hadarin yamma kwanon ya dawo nan, a bayan ƙofar nan, a kan sanduna, gadona a ƙarƙashinsa. Ɗauko katunanka ka auna."

Fundi ya fara lalubar babban katin nan nasa.

Ta ce, "Af, na manta. Matarka benci ɗaya muke zama da ita a coci. Kullum tana tambayata, wai aikin gidana kyauta kake yi, don ba ta ga ko sisi ba. Na ce zan bincika mata in akwai wata mashaya da ta sani."

Fundi ya ɗaga kati mafi ƙanƙanta. Leburori ba su ko leƙa nasa ba.

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Ba taro, ba jawabi. Fundi a saman ɗaki yana zare ƙusa kamar saurayi. Ni da na zo kawo magani na tsinci kaina ina haƙa rami. Matan coci suka ji labari suka zo, wata da itace, wata da gari busasshe, matar liman da karfasa manya-manya daga bakin tafki. Owiti ya kawo sanduna, wai kaffarar akuyarsa. Kafin la'asar rufi ya tsaya cak a bayan shuɗiyar ƙofa, ya haɗe da guntun bangon nan mai taga. Bango dai babu, ko ta ina iska na shiga, amma sama a rufe take. Aka sa gado a tsakiya, aka hura wuta a gefe, aka ɗora tuwon masara, kifi ya fara ƙamshi. Kowa ya shiga ta ƙofa, ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa ta kulle, ta ɗaure makulli a bakin zane.

Hadari ya haɗo. An fara yayyafi sai ga ɗan acaɓa ya sauke mutumin, da ledar takardu a hammata. Ya tsaya a bakin gida. Ɗakinsa a buɗe ta sama kamar an cire wa tukunya murfi, katifarsa tana kallon gajimare. Ya juyo ya gan mu, kusan rabin ƙauye, a ƙarƙashin kwanonsa, kowa da loma a hannu. Akuyar Owiti ma tana ciki, ta kwanta kusa da wuta, ita dama ba ta jira an buɗe mata ba.

Ruwa ya ƙaru. Ya rugo a guje, ya zo daidai ƙofa, ya ja birki. Ya ƙwanƙwasa.

Tsohuwa tana kallonsa ta gefen ginshiƙi, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ta ce, "Wane ne?"

"Ni ne, Mama! Buɗe!"

"Me ka yi jiya?"

"Mama, ruwa!"

"Me za ka yi yau?"

"Jiƙewa zan yi!"

"Me ya tare maka hanya?"

"Ƙofa!"

"To madalla. Tana aiki."

Fundi ya ƙware da tuwo, sai da aka buga masa baya.

"Mama, wannan kwanona ne! Ba ke kika ce al'ada ta hana ba?"

"Al'ada ta ce kada in kwana a ɗakinka. Ga ɗakinka can, ban taɓa shi ba, je ka kwana."

"Babu rufi!"

"Rubuta shi a takarda, ka kafe a mangwaro. Ogutu zai auna."

Ruwa ya kece sosai. Rigarsa ta manne a jiki, leda ta cika, sababbin takardu suka fara zubar da launi a wandonsa, ja da kore da rawaya. Haƙoransa suna kaɗawa. Ya rage murya.

"Mama, don Allah. Ki buɗe kawai."

"Na ji, ɗana, kuma magana ce mai muhimmanci. Amma buɗe ƙofa ba ya cikin aikin wannan zangon. Sai Juma'ar sama."

Ya dubi dama, fili. Ya dubi hagu, fili. Taku ɗaya ne tsakaninsa da wuta da kifi. Ya ɗaga ƙafa. Duk wurin aka daina tauna. Liman ya gyara tabarau. Owiti ya dubi akuyarsa, ya dubi mutumin. Akuyar ma ta ɗago kai.

Ya mayar da ƙafar.

"Mama, kin san fa babu bango. In na ga dama zagayowa zan yi."

Tsohuwa ba ta ko ɗago daga kifin da take cire wa ƙaya ba.

"Zagayo mana, ɗana. Ai kai da bakinka ka gaya wa duk garin nan wa ke zagayowa."